Sakata Daga Ciki

Ran Talata aka sako Mutari.
Na je da babur ƙofar kaso,
na iske shi tsaye cikin rana,
leda guda a hannu, silifa wari da wari,
yana jiran wani ya ce masa tafi.

Na san wannan tsayuwa.
Na yi ta shekara goma sha tara baya,
ba wanda ya zo.
Na taka har Garin Malam
ina bin gindin katanga kamar ƙadangare.

Na ce hau. Ya hau.
Ban yi wa'azi ba, yunwa ba ta da kunne.
Wurin Zuwera mai ƙosai muka tsaya,
ya ci yana kare kwano da damtse,
alhali ba mai nufin ƙwace masa.

Rumfata tana hanyar Kasuwar Dole,
walda nake yi, ƙyaure da taga.
Ya dubi sandunan ƙarfe jingine da bango,
ya dube ni.
Na ce i, su ne abincinmu,
sai dai na nan, mai ɗaki ke riƙe makulli.

Watan fari duk sawu ne.
Takardar haihuwa ruwa ya ci tare da ɗakin uwarsa,
sau huɗu muna komawa wurin magatakarda.
Layin waya. Tabarma bayan rumfa.
Kawunsa ya ce ba shi da ɗa mai wannan suna.
Juma'a uku ina zama a zaurensa,
gaisuwa kawai, in tashi.
Ta huɗu, yana kallon ƙasa,
ya ce: yaron yana cin abinci?

Ilu mai shayi ya ja ni gefe:
Barma, kura kake ba ajiyar nama.
Na ce kai da kake ba ni bashi kullum,
ka taɓa tambayar inda na kwana da ƙuruciya?

Sai ranar da na ba shi jikka ashirin
ya sayo fenti da kuba.
Azahar ta wuce. La'asar ta wuce.
Wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa.
Ba zan ɓoye ba,
na yafe kuɗin a zuci,
na janye yafewar,
na kasa duban rumfar Ilu.

Gab da magariba ga shi, kaya a ka,
canji ya gaza da dala ɗari.
Sabulu ya saya ya kai kaso,
wa wani tsoho mai ƙaiƙayi
da suka raba bargo shekara uku.
Layin ziyara ne ya riƙe shi.

Na yi masa faɗa har maƙwabta suka leƙo.
Ba a sadaka da kuɗin mai aiki.
Na buɗe littafi na rubuta bashi,
ya biya cikin sati biyu.
Ziyara ta gaba tare muka je,
sabulun daga aljihuna.

Har yau akwai ranar da ba ya magana.
Akwai daren da yake zabura, ya miƙe,
yana jiran a ƙirga shi.
Ba ni da maganin wannan.
Shayi nake dafawa, mu zauna.

Bana ya kama ɗaki a Karkada,
ba ƙyaure, sai buhu a rataye.
Ya tara guntayen ƙarfe ya haɗa nasa,
waldar duk ƙuraje, ba zan sayar da irinta ba.
Na duba gaba, na duba gefe,
ba wurin rataya kwaɗo.
Na ce in ka fita fa? Ɓarayi fa?
Ya ce me za su ɗauka, tabarma?

Jiya na kai masa kuɗin aikinsa.
Na tura, ƙyaure ya ƙi.
Sakata daga ciki.
Na ƙwanƙwasa.
Ina jin numfashinsa, ya bar ni tsaye cikin rana
kaɗan,
sannan ya gyara murya
ya ce: wane ne?